Falwaya ta Huɗu

Aikin Pang Gailan tsayuwa ne. Kullum da safe takan hau tudun layin dogo sanye da riga mai ruwan lemo, oba-oba a rataye a ƙirjinta, ƙaho a wuyanta, tutoci biyu a naɗe a hannunta, ta tsaya a inda layin ya fara lanƙwasa bayan ƙauyen Yangjuan. Idan aka kira ta daga tasha aka ce jirgi ya taso, sai ta busa ƙaho, maza arba'in su ajiye kayan aiki su ja gefe. In ya wuce ta sake busawa, su koma. Shekararta biyar a haka. Abokan aikinta sukan ce ƙahonta ya fi ta surutu, ita kuwa sai dai ta yi murmushi ta kalli takalminta.

Tun tana yarinya layi biyu ne: ɗaya na jiragen da ke gangarawa bakin teku da kwal, ɗaya na masu dawowa wayam. Yanzu kwal ya fi ƙarfin layi biyu. Shekara huɗu ke nan ana gyara kashi-kashi. An fara da wayoyin wuta, aka zo aka sa ƙarfen dogo mai nauyi, yanzu kuma ana ƙara layi na uku a gefen gabas. Aikin ya taso daga arewa yana rarrafowa, sai a wannan watan na Afrilu ya iso Yangjuan. Masu awo sun kafa jajayen turaku a tsakiyar gonar masara, an kuma manna takarda a bangon ofishin ƙauye: duk mai kabari tsakanin layi da turakun nan ya kwashe nasa kafin ranar goma sha biyu ga wata ta wuce, domin washegari katafila za ta shiga.

Gidaje tara sun riga sun kwashe nasu zuwa sabuwar maƙabarta a kan tudu, ƙetaren layi. Saura ɗaya, na mahaifiyar Gailan. Shekara ashirin da uku da binne ta, babu dutse babu alama, domin tuntuni aka baje tudun kaburburan da ke cikin gonaki, garma tana bi ta kansu kowace shekara. Mahaifin Gailan ya rasu a hunturun da ya wuce, bayan ya yi shekara huɗu a kwance da ciwon ƙirji. A kan tudu aka binne shi, aka bar fili a gefensa. Maganarsa ta ƙarshe da aka gane ita ce kada a bar matarsa ƙarƙashin jirgi.

Yau goma sha biyu ga wata. Ita ce ranar da Kawu Laishun, ƙanin mahaifiyar, ya duba kalanda ya ce ta dace, kuma ita ce ranar da yayan Gailan, Mancang, mai tuƙin babbar mota a birnin Baotou, ya samu aka sake shi daga aiki.

Da sassafe suka haɗu a tsohon gidan mahaifinsu. Gailan ta dama kunun gero, ta yanka kabeji mai tsami a faranti. Kawu yana sha yana lissafa dokoki da yatsunsa, ko da yake kowa ya san su.

"Rana ba za ta ga ƙashinta ba, shi ya sa na ce a zo da baƙin tampol. Shebur uku na farko naka ne, Mancang, kai ne ɗa. Jar safar hannu tana cikin akwati. Kuma komai a gama kafin rana ta take. Sha biyu ta buga, ko kan ɗan yatsa ne ya rage, ba a ƙara taɓa ƙasa."

"Mun ji, Kawu. Sau uku ke nan."

"Zan faɗa sau huɗu. Kai da ka zo da takalmin ofis za ka shiga gona? Aure za ka nema?"

Mancang ya yi dariya ya kurɓi kunu. Gailan ta daɗe tana juya cokali kafin ta ce, "Yaya, ka tabbata ka san wurin?"

"Ji wata magana. Wa yake zuwa sharar kabari duk shekara, ni ko ke? Falwayar wuta ta huɗu daga mahaɗar hanya da layi, ka ba layi baya, taku talatin. Baba ne ya koya mini da bakinsa. Ko idona a rufe zan kai ku."

Ba ta taɓa jin wannan ƙirgen ba sai yau. Abin maza ne, uba yakan faɗa wa ɗa. A Yangjuan 'ya mace in ta yi aure ba ta tsayawa a bakin kabarin gidan ubanta, ta zama ta wani gida. Kawu ya dube ta da tausayi.

"Ke kam ki tafi aikinki, 'yata. Daga can sama ai za ki riƙa hango mu. Uwarki ta san kina kusa."

Ta ce to, ta kwashe kwanuka.

Ƙarfe tara daidai aka buɗe taga. Haka ma'aikata ke kiran awa ukun da ake tsayar da jirage a kan layi ɗaya don a yi aiki. A ɗaya layin kuwa jirage na ci gaba da wucewa, taku biyu daga bayan mutum, shi ya sa ake ajiye irin su Gailan. Yau tsohon dogo ake cirewa a lanƙwasar. Injin yankan ƙarfe ya fara kuka, maza suka jeru da ƙugiyoyinsu, Helma Dou, shugaban leburorin, yana tafe yana ihu kamar an taka masa ƙafa.

"Ku ɗaga tare, 'yan banza! Awa uku aka ba mu, ba sati uku ba! Kai mai jar hula, ƙarfen nan ba surukarka ba ne, kama shi da kyau!"

Daga inda take tsaye gonar tana shimfiɗe a ƙasanta, ba a yi shuka ba tukuna, sai kututturan masarar bara. Tana ganin su Kawu sarai. Tun kafin a buɗe taga suka kafa rumfar tampol, ta ga Mancang ya durƙusa ya ƙona takardun da ake ƙona wa mamata, ya tashi ya ɗebi shebur uku, sannan maza huɗun da aka ɗauko suka karɓa. Ƙaramin sabon akwati yana gefe, an lulluɓe shi da jan ƙyalle.

Oba-oba ta yi tari. "Jirgi ya bar tasha, minti shida."

"Jirgi ya bar tasha, minti shida, na ji," in ji Gailan. Ta busa ƙaho, ta ɗaga tuta, ta ƙirga kawuna har ta ga kowa ya fita. Jirgin ya zo da taragunsa sama da ɗari, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Ba ta kalli gona ba sai da wutsiyarsa ta wuce. Wannan ita ce doka ta farko da aka koya mata: idan jirgi yana tafe, ba ki da uwa ba ki da uba, ido biyu kawai gare ki.

Da ta juyo, tulin ƙasa ya kai gwiwar mutum. Wajen tara da rabi ya kai ƙugu, masu haƙa sun nutse sai kawunansu. Ta ga Kawu ya sa an riƙe masa hannu ya sauka cikin ramin. Ya jima. Da ya fito yana riƙe da dunƙulen ƙasa, ya murtsuke shi a gaban Mancang. Ko daga nesa ta gane abin da yake nunawa. Ƙasar da aka taɓa haƙawa takan fito gauraye, baƙa da rawaya, ko bayan shekara ɗari. Wannan kuwa rawaya ce zalla.

Mancang ya koma gindin falwayar, ya ba layi baya, ya sake ƙirga taku. Ya tsaya a bakin ramin daidai. Ya sake komawa, ya sake ƙirgawa, wannan karon da manyan taku. Suka ja rumfar gaba kaɗan, suka fara rami na biyu.

Wani jirgin ya wuce. Ƙarfe goma saura minti biyar.

Gailan ta tsaya tana kallon yayanta yana kai da komowa tsakanin rami da falwaya, takalminsa na ofis ya zama na laka. Idonta ya bi falwayar daga ƙasa zuwa sama. Ta ƙarfe ce, doguwa, mai launin toka, da lambarta a kan farin faranti. Sai ta gane inda kuskuren yake.

Falwayoyin da Baba ya ƙirga na kankare ne. Ita da kanta ta tsaya a wannan lanƙwasar shekara uku da suka wuce, tana busa ƙaho, lokacin da aka tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya aka loda a tarago. Sababbin sun fi ƙarfi, don haka aka ba su tazara mai faɗi. A lokacin Baba yana kwance, bai ga aikin ba. Mancang kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya sauka daga mota a mahaɗar hanya, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya shiga gona. Falwaya ai falwaya ce. Mutanen Yangjuan da layi suke auna komai: da wucewar jirgi suke sanin lokacin ɗora tukunya, da falwaya suke raba iyakar gona. Ba wanda ya taɓa tunanin layin ma yana iya matsawa.

Ta laluba aljihunta, ta tuna wayarta tana cikin akwatin helma tare da na kowa. Mai tsaro ba ya riƙe waya. Ta yi tunanin ihu, amma injin yankan ƙarfe zai haɗiye muryar da ta fi tata sau goma. Ƙaho yana ƙirjinta. Busa ɗaya, kowa a gonar zai ɗago kai. Amma maza arba'in ma za su watsar da dogon da suka ɗaga su yi tsalle gefe, kuma daga ranar duk lokacin da ta busa sai wani ya tsaya ya tambayi kansa ko da gaske ne. Ta sauke hannunta.

Ba ta taɓa roƙon Helma Dou komai ba. Ko ranar da ɗanta ya yi zazzaɓi ba ta nemi hutu ba, surukarta ta bari da shi. Sau biyu ta ɗaga oba-oba zuwa bakinta tana saukewa. A na uku ta danna.

"Helma, mai tsaron lanƙwasa ce. Don girmanka ka zo."

Ya taho yana taka tsakuwa da sauri, fuskarsa a murtuke. "Me ya faru? Jirgi?"

"A'a."

"To me? Ciwon ciki? Yi magana mana, yarinya, lokaci nake sayarwa!"

Ta nuna gona da tutar da ke naɗe. "Mahaifiyata ce ake nema a can. Ba a wurin take ba. Da sababbin falwayoyi yayana ya ƙirga."

Dou ya kalli gonar, ya kalli falwayar, ya sake kallon gonar. Ya tura hularsa baya ya sosa goshi.

"Yau mahaifiyarki ake kwashewa, kika zo aiki?"

"Na yi aure, Helma. Ba a so in tsaya a wurin."

"Kuma ba ki faɗa wa kowa ba. Kai, wannan yarinya, ko dutse ya fi ki hira." Ya duba agogo. "Kin san inda tsohuwar ta huɗu take?"

"An tone gindinta, an zuba tsakuwa."

"Na sani, ni na tone ta. To in kin je me za ki yi?"

"Ban sani ba. Amma su daina haƙa a can."

Ya ja numfashi ta hanci. Sannan ya miƙa hannu. "Kawo. Kafin a haife ki nake riƙe tuta, takardar izinina ba ta mutu ba." Ya rataya ƙahon a wuyansa, ya danna oba-oba ya shaida wa tasha cewa Dou ne ke tsaron lanƙwasa daga yanzu. Ya juyo. "Minti ashirin da biyar. Sha ɗaya saura za mu saka sabon dogo, dole in koma kansu, in ba haka ba su ɗaura mini shi a karkace. In kin ƙara minti ɗaya, gobe ki zauna a gida ki yi ta renon kaji. Me kike jira? Gudu!"

Wani lebura ya ɗago kai ya ce, "Helma, tutar nan ta yi maka kyau! Sai ka ce amarya!"

"Za ka ga amarya in na sauko!"

Gailan ta gangara tudun tana zamewa a kan tsakuwa, ta bi ta ƙofar shinge ta shiga gona. Kawu ne ya fara ganin ta. Ya taho da hannu biyu a buɗe kamar mai korar tumaki.

"Ke, ke, tsaya nan! Kin san ba a yi."

Tana haki ta ce, "Kawu, ai ba kabari ba ne. Rami ne kawai."

Masu haƙa suka dakata, ɗaya ya yi dariya ya ɓoye ta da tari. Mancang ya fito daga ƙarƙashin rumfa, gumi ya jiƙa rigarsa, idonsa ya yi ja.

"Me ya kawo ki? Koma bakin aikinki, za mu same ta. Takuna ne ya canja, na tsufa."

"Ba takunka ba ne, Yaya. Falwayar ce. An canja su shekara uku da suka wuce, aka ƙara musu tazara. Ta huɗun Baba tana can baya, wajen mahaɗa."

Ya juya ya kalli falwayar kamar yau ya fara ganin ta.  Ya zauna a kan tulin ƙasa, shebur a tsakanin ƙafafunsa.

"Shekara uku," ya ce a hankali. "Nan nake zuwa in durƙusa. Nan nake ajiye mata tuffa da giya, in ba ta labarin yara."

"Ɓerayen gonar nan sun gode," in ji Kawu, amma muryarsa ba ta yi daɗin wasa ba. Ya dafa kafaɗar Mancang. "Tashi, ba lokacin wannan ba ne. Gailan, baya da taku nawa?"

"Ban sani ba, Kawu. Zai yi talatin, zai yi sittin."

Suka dubi gonar. Daga ramin zuwa mahaɗar hanya fili ne shimfiɗaɗɗe, kututture bayan kututture, ko'ina iri ɗaya. Maza huɗu ba za su tone shi a sati ba, balle a awa ɗaya da rabi. Babban cikin masu haƙa ya kunna sigari ya ce shi dai a ganinsa a ɗebi ƙasar wurin a zuba a akwati a kai tudu, wasu gidajen haka suke yi in abu ya gagara. 

Gailan tana tsaye tana kallon tudun layin, domin ta kasa kallon yayanta. Can gaba akwai tsohuwar kwalbati da makiyaya ke bi da tumaki zuwa ƙetare. A karkace aka gina ta, ta bi hanyar wani tsohon kwari, don haka daga yawancin wurare baƙin rami kawai ake gani. Sati mai zuwa za a rushe bakinta a ƙara mata tsawo, har an jibge rodi a gefe. Tana kallon baƙin ramin nan sai wani abu ya motsa a ranta.

Shekararta goma sha ɗaya ranar da aka binne Mama. An sa mata farin ƙyalle a ka, aka durƙusar da ita a wajen kan kabarin aka ce ta yi kuka da ƙarfi. Kukan ya ƙi zuwa. Ta ƙi kallon ramin, ta ƙi kallon akwatin, sai ta kafe idonta a kan abu ɗaya: wani ɗan zagayen haske a cikin tudun layi, kamar madubi, da bishiya guda tsaye a tsakiyarsa. Har aka gama tura ƙasa shi take kallo. Ta tuna har wata tunkiya ta gifta ta cikin hasken. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, domin kunya take ji a ce ranar binne uwarta tunkiya take kallo.

"Yaya, taku talatin ɗin nan daga layi, shi bai canja ba ko?"

"Wannan gefen ba a taɓa shi ba tukuna."

"To ka bi ni. Ka riƙa duba kada in matso layi ko in yi nisa."

Ta fara tafiya daga bakin rami na farko zuwa wajen mahaɗa, kafaɗarta tana kallon layi, idonta a kan kwalbati. Taku goma, baƙi. Ashirin, baƙi. Talatin, arba'in, hamsin, sittin. Ta kai har kusa da falwaya ta uku, ba ta ga komai ba sai duhu. Ta juyo ta sake bi, a hankali. Duhu dai.

"Wai me kike nema?" in ji Mancang. "Gailan, lokaci yana tafiya."

Ta duba agogonta. Minti goma sha shida sun tafi. Wataƙila an sare bishiyar. Wataƙila ma mafarki ta yi tana yarinya ta riƙe shi a matsayin gaskiya. Ta ji kunya ta rufe ta, ga maza shida suna kallon ta, ga helma a sama riƙe da tutarta. Ta tsuguna don ta huta.

A tsugunen ta ga bakin kwalbatin ya canja. Rufinta, wanda a tsaye yake tare mata gani, ya ɗaga sama, a gefe ɗaya kuma wani siririn fari ya bayyana kamar zare.

Ashe tsawo ta yi. Yarinyar da ta ga hasken ƙarama ce, kuma a durƙushe take.

Ta sa gwiwoyinta a ƙasa. Ta fara jan jiki ta gefe, kututturan masara suna soke ta ta cikin wando. Zaren ya zama tsaga, tsagar ta zama rabin wata. Ta ƙara matsawa, ta sunkuyar da kai daidai tsayin 'yar shekara goma sha ɗaya. Hasken ya buɗe ya zama zagaye cikakke, ga bishiyar a tsakiya, ta yi kauri, reshenta ɗaya ya karye, amma ita ce.

"A nan na durƙusa," ta ce. "Kanta yana gabana."

Kawu bai tambaye ta komai ba. Ya daka wa masu haƙa tsawa su kawo rumfa. Mancang ya zo da shebur, ya tsaya a kanta yana kallon inda take kallo, bai ga komai ba sai da ya durƙusa a gefenta ya kwantar da kai. Ya jima a haka. Sannan ya tashi ya ɗebi shebur na farko, na biyu, na uku. Masu haƙa suka karɓa. Da aka wuce inda garma ke kaiwa, Kawu ya cusa hannu ya ɗebo ƙasa, ya buɗe tafinsa. Gauraye take, baƙa da rawaya.

Ya dubi Gailan. A bisa al'ada yanzu ne ya kamata ya ce ta ja baya. Ya buɗe baki, sai ya juya ya hau yi wa mai riƙe da tampol faɗa cewa ya bar rana tana shigowa ta kusurwa.

Amma agogo ya riga ya yi maganar da Kawu ya ƙi yi. Saura minti biyu. Ta tashi, ta karkaɗe gwiwa, ta ruga.

Dou ya cire ƙahon ya rataya mata ba tare da ya tambaye ta ba. Ya kalli gwiwoyin wandonta, ya kalli rumfar da ta koma sabon wuri. "Kin ci mini minti ɗaya," ya ce, ya tafi yana ihu tun kafin ya isa.

Aka jawo sabon dogo, aka kwantar, aka hau ɗaurewa. Jirage biyu suka wuce a ɗaya layin, ta busa, ta ƙirga kawuna, ta sake busawa. Tsakanin jirgi da jirgi take satar kallon gona. Sha ɗaya da kwata ta ga an daina jefo ƙasa. Ta ga Mancang ya sa jar safar hannu ya sauka. Daga nan ba ta ƙara ganin komai ba sai bayan Kawu, yana karɓa yana sawa a akwati, daga kai zuwa ƙafa, kowane ƙashi a mazauninsa. Da suka gama ya watsa tsabar dawa a cikin ramin don kada a bar shi wayam, ya fito daga rumfa ya ɗaga jan ƙyalle sama, ya kaɗa shi sau ɗaya wajen layi.

Ba ta da hannun da za ta amsa masa. Ta gyaɗa kai, ko ya gani ko bai gani ba.

Hanyar tudu mafi kusa ta cikin kwalbatin take. Sha biyu saura minti ashirin suka taho, Mancang a gaba rungume da akwati, mutum biyu suna riƙe da tampol a kansa. Al'ada ce a duk kwana da duk mashiga ɗa ya riƙa faɗa wa mamaci hanya, kada ya ɓata. Injin yanka ya yi shiru, ana tattara kaya, don haka ta ji muryarsa tana tasowa daga ƙasa.

"Mama, za mu bar gona, biyo mu. Mama, za mu shiga ƙarƙashin layi, kada ki ji tsoro, Baba yana jira."

Suka ɓace a bakin kwalbatin. Muryar ta koma tana amsa kuwwa a cikin kankare, can ƙarƙashin tudun da take tsaye a kai.

"Mama, Gailan ce a sama, tana tsare mana jirgi. Ita ta gane ki. Ni shekara uku ina ta magana da fili."

Gailan ba ta ɗauke ido daga lanƙwasar ba. Ta san kwalbatin, akwai inda ruwa yake kwanciya a tsakiyarta ko da rani. Ta motsa leɓe, yadda ko oba-oba ba za ta ɗauka ba. "A hankali, Mama, akwai ruwa a tsakiya. Ku bi ta hagu."

Suka ɓullo ta ɗaya gefen, suka wuce gindin bishiyar, suka kama hawan tudu da sauri, Kawu yana baya yana duba agogo yana tura na gabansa. Ta bi jan ƙyallen da gefen ido har ya shige tsakanin sababbin duwatsun kabari.

Oba-oba ta yi tari. An rufe taga, jirgi na farko zai bi sabon dogo a hankali, minti takwas.

"Minti takwas, na ji," in ji Gailan. Ta goge fuska da bayan hannu, ta busa ƙaho, ta fara ƙirga kawuna.